Ranar da na kai wa jirgi waigi farfela na juyawa

Shekarun baya kaɗan, ina gama sakandare, kawuna ya samo mini aikin wucin gadi a ɗan filin saukar jiragen sama na garinmu, Potiskum. Kar ku zaci wani babban aiki ne. Sai a yi wata guda jirgi bai sauka ba. Shara nake yi, in kori awaki.

Mai kula da filin wani dattijo ne, Baba muke ce masa. Shi ke tsayawa gaban jirgi da 'yan katakai biyu masu jan fenti, yana nuna wa matuƙi inda zai bi da inda zai tsaya. Na dame shi sai ya koya mini. Ya koya mini, amma a hankali, irin koyarwar da ke sa ni jin kamar in fasa ihu. Kullum maganarsa ɗaya: kar a matsa kusa da jirgi sai inji ya mutu. Ni kuwa ina cewa "to, Baba" ina kallon wani wuri. Ai 'yar direban tirela ce ni. Tun ina ƙarama nake ganin yadda ake faka babbar mota a garejin mahaifina: tana tsayawa, kafin direba ya ɗaga ƙafa daga birki, an riga an cusa waigi, katakon tokare mota, ƙarƙashin taya. Wanda ya yi jinkiri, zagi zai sha. Wannan saurin na ɗauka shi ne iya aiki.

Sai wani babban ɗan kasuwa ya rasu, 'yan ta'aziyya suka taso daga nesa. Ƙananan jirage biyu suka sauka da safe, suka cinye kusan duk wurin ajiyewa. Motocin masu tarba suka cika gefe, mutane sun ƙi komawa bayan igiya. Wajen azahar na uku ya iso, ƙarami, mai farfela ɗaya a hanci. Baba ya miƙo mini waigi biyu ya ce, "Riƙe. Tsaya bayana."

Ya shigo da jirgin nan tsakanin biyun kamar mai zura zare a allura. Taku ɗaya, ya duba fiffiken dama, taku ɗaya, ya duba na hagu. Wani mai babbar riga yana ta faɗa a kunnena, "Ku yi sauri mana, Alhaji na ciki, ana jiransa." Baba ya gicciye katakan nan sama da kansa, jirgi ya tsaya.

Ni kuwa ƙafata ta yi abin da ta saba. Na sunkuya na nufi tayar gaba da waigina. Wallahi ban ga farfelar ba. In tana gudu ba a ganinta, iska kawai ce da ƙara, kuma tayar gaban tana bayanta kaɗan.

Sai na ji an fizgo hijabina ta baya da ƙarfin da ya shaƙe ni, na zube zaune a ƙasa a gaban jama'a. Baba ne. Hannunsa na dama na riƙe da ni, ɗayan yana jan shi a maƙogwaronsa, alamar matuƙi ya kashe inji. Ƙarar ta yi ƙasa, farfela ta fara bayyana, ta juya, ta juya, ta tsaya.

Kun san abin da na fara cewa? "Baba, ka yaga mini hijabi."

Sai da baƙi suka watse Baba ya kira ni. "Zo nan, 'yar direba. Sunkuya yadda kika yi ɗazu." Na sunkuya ina tura baki. Ya ce, "Ƙara taku ɗaya." Na ƙara. Sai ga bakin farfelar daidai wuyana. Na ja da baya, na daina tura baki.

Matuƙin ya zo ransa a ɓace, ya ce sai an rubuta abin da ya faru an kore ni. Baba ya ce rubutawa dole ne, za a rubuta. "Amma a sa har da sunana. Ni na ba ta waigi a hannu kafin in cire mata garejin babanta daga kai." Haka aka yi. Aka ja masa kunne, ni aka hana ni matsawa kusa da jirgi wata uku, amma ban rasa aikina ba.

Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dafa tuwo da miyar kuka ta ce in kai masa da hannuna, in durƙusa. Na kai. Ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa.

Har yau ban zama mai haƙuri ba, kar in yi muku ƙarya. A layin banki ni ce mai tsaki. Amma na gane saurin da na koya a wani wuri zai iya kashe ni a wani, kuma wanda ke ba ni haushi da jinkirinsa wani lokaci yana ganin abin da idona bai kai ba. Baba ya yi ritaya, yana noma a Nangere. Duk lokacin da na je gaishe shi sai in tsinci kaina ina kallon hannunsa na dama, siriri, duk jijiya. Allah Ya saka wa hannun nan da Aljanna.