Baba Mai Faci Bai Taɓa Tari Ba

Babanmu mai faci ne a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kuma tun ina ƙarama sigari ba ta barin bakinsa sai lokacin salla da cin abinci. Taurin kai gare shi, ni kuma na gado shi. Duk sanda na yi masa maganar taba sai ya bugi ƙirji ya ce, "Kin taɓa jin na yi tari?" Ban taɓa ji ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Da na ji asibiti na gwada huhun masu shan taba ko da ba sa jin ciwon komai, na matsa masa har ya biyo ni, wai don in ji kunya in shafa masa lafiya.

Likitar ta matse masa hanci, ta miƙa masa bututu, ta ce ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa. Ya busa, ta ce ya sake. Ta daɗe tana duban na'urar.

"Baba, kana haki in kana buga wa taya iska da famfo?"

"Ai na sayi inji, 'yata."

"In ka hau keke fa?"

"Na sayar, gwiwa ta hana."

"Hawa bene?"

"Na koma ɗakin ƙasa, ya fi kusa da ƙofa."

Na juya na dube shi. Duk a gabanmu aka yi waɗannan, har barka muka yi masa da injin. Likitar ta ce hanyoyin iskar huhunsa sun fara ƙuntata. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in ya bar taba yanzu za a tsira da sauran. Ya miƙe, muka fito.

A hanyar gida ya ce ƙafa za mu taka. Ya tsaya gaida tela, ya tsaya wajen mai wankin mota, ya tambayi kafinta iyali ɗaya bayan ɗaya, ina gefe ina jin haushin doguwar gaisuwa. Da muka shiga lungunmu babu kowa a waje, amma ya sake tsayawa, ya dafa bango. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa.

"Jira ni, 'yar nan," ya ce. "Numfashi nake nema."