Baba Nomau da Tuwon Ƙofar Gida

Har gobe ban manta da wata magariba a ƙofar gidan wani mai unguwa ba. Labarinta nake so in ba ku, ku da za a tura ƙauyuka horon aiki a bana.

A daminar 1999 ne, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin kiwon lafiya, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a yankin Indabo, cikin ƙasar Wudil. Ɗaki biyu ne da baranda, bangon waje duk hotunan 'yan takara da ruwa ya fara ɓamɓarewa. Shugaban wurin, wanda muke kira incaji, shi ne Malam Yakubu. Shi ma sabon zuwa ne, daga wata ƙaramar hukuma aka yi masa canji. Mutanen gari likita suke ce masa, ni kuma ƙaramin likita, ko da yake babu likita a cikinmu. Aikina awo da gwajin fitsari, sai kuma in tsaya in ga yadda ake yi. Ni ba mai yawan magana ba ne. Shi kuwa Malam Yakubu, in ya fara bayani har a bakin rijiya ana jin sa.

Ga yadda tsarin masu ciwon suga yake a lokacin. Babban asibiti ke tabbatar da ciwon, ya rubuta ƙwaya, sannan a turo mana mutum mu riƙa bibiyarsa. Ƙwayar sauke sugan jini take yi. Saboda haka sharaɗinta biyu ne: a rage abincin da ke ɗaga suga, kuma kada a sha ta a zauna da yunwa, don sugan na iya faɗuwa har mutum ya suma. Wani ma ba ya farfaɗowa.

Dattawa biyu muke bibiya. Ɗaya tsohon hedimasta ne. Matarsa ke rako shi, ita ke tambayar abin da za ta dafa, ɗansa kuma yana aiko da alkama daga Kano. Ba a daɗe ba gwajinsa ya gyaru. Ɗayan shi ne Baba Nomau, tsohon manomi, siriri, mai tsabta. Duk abin da aka ce masa sai ya ce to. Amma gwajinsa ya ƙi sauka, ga wani ɗan gyambo a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa.

Wata safiya Malam Yakubu ya tsare shi.

“Baba, me ka ci jiya?”

“Abin da Allah ya hore, likita.”

“Tuwo ya hore ko wake?”

“Ai duk nasa ne.”

Malam Yakubu ya yi dariya, ya dube ni. “Wannan tsoho ya fi ƙarfinmu a nan. Sai mun bi shi gida.”

Ziyarar gida tana cikin aikinmu. Mun so tafiya da la'asar, ruwa ya tsare mu, ba mu isa a babur ba sai da aka idar da magariba. Aka ce mana Baba Nomau yana ƙofar gidan mai unguwa, wurin ciyayya. Ga wanda bai sani ba, ciyayya ita ce magidanta su fito da abincin gidajensu, a haɗa wuri ɗaya, kowa ya ci na kowa. Mun tarar da Baba Nomau yana gyara tabarmi. Shi ya zagaya da butar wanke hannu, shi ke buɗe kwanuka yana yaba miyar wannan gida, yana kushe ta wancan, ana dariya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka ce mana bisimilla, muka sa hannu. Tuwon dawa ne da na masara, da ƙwaryar fura a gefe.

Da aka gama, Malam Yakubu ya gyara zama ya fuskanci mai unguwa.

“Ranka ya daɗe, saboda Baba Nomau muka zo. Wannan tuwo da furar nan su ke cutar da shi. Daga yau a gaya wa mutanen gidansa su riƙa yi masa nasa daban. Wanne ne kwanon gidansa a nan?”

Akwai wani Malam Ilu, taubashin Baba Nomau, da suka saba tsokanar juna. Shi ya yi saurin cewa, “Likita, ai duk kwanukan nan nasa ne. Ba ka ga haɗamarsa ba? Ci kamar gara, jiki kamar sillen kara.”

Malam Yakubu ya ce, “A'a, ba wasa nake ba, maganar rai ce. Wa ke dafa masa?”

Wani daga ƙarshen tabarma ya ce, “Ai babu.”

Daga nan magana ta ɓalle. Wannan ya ce gidansa za su iya ranar Laraba. Wancan ya ce wake ya yi tsada bana, a dai duba. Wani ya ce ai mata sun yi ƙoƙari, shekara da shekaru. Duk a gabansa. Baba Nomau ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya ce bari ya kewaya. Bai dawo ba.

Mai unguwa ya raka mu wurin babur, a nan ya yi mana bayani. Matar Baba Nomau ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tana aure nesa. Ɗansa ya tafi kudu cirani, shiru har yau. Noma ya fi ƙarfinsa.

“Shimfiɗa tabarmar nan ita ce kwanonsa,” in ji mai unguwa. “Kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Abin da ba a faɗa ba, sutura ne.”

Muka hau babur muka koma asibiti.

Abin da ya biyo baya daga bisani muka ji shi. Baba Nomau ya daina fita ciyayya. In an aika masa da abinci ɗaki sai ya mayar, ya ce ya ƙoshi. Ɗan ƙanzo da ruwa yake sha ya kwanta. Amma ƙwayarsa bai fasa ba, tunda ya riga ya ce to.

Kafin mako ya zagayo, da hantsi, aka kawo shi a amalanken shanu. An same shi kwance bayan masallaci. Gumi ya jiƙa rigarsa, jiki na karkarwa, magana ba kan gado. Malam Yakubu ya duba ya ga yana iya haɗiya, ya ce in dama suga a ruwa. Na riƙe kansa, shi yana ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. A hankali idonsa ya washe, ya gane mu.

“Na sha maganin yadda ka ce, likita,” in ji shi. “Tuwon ma na bari.”

Malam Yakubu ya dakatar da ƙwayar. Amma dakatarwa ba mafita ba ce. In babu ƙwaya, gyambon nan na iya cin ƙafar. In da ƙwaya babu abinci, wata rana gawa za a ɗauko. Abinci kuwa yana nan, cin sa ne ya gagara.

Washegari sai ga mai unguwa da kansa, da kwalbar fitsari a hannu, a fili, ba a aljihu ba. Ya gaisa da duk wanda ke baranda, sannan ya shigo ya miƙa mini. Na gwada, babu komai.

“Ranka ya daɗe, lafiya ƙalau.”

“Ƙaramin likita, idonka dai na yara ne. Sake dubawa.”

Na sake, na faɗi abin da na gani. Malam Yakubu ya ce, “Ranka ya daɗe, ba zan iya cewa kana da abin da ba ka da shi ba.”

“Wa ya ce ka ce? Kai dai yi shiru, ka gwada ko yau ɗaya za ka iya. Duk gari ya ga na shigo nan da kwalba. Sauran magana tawa ce. Gaya mini abin da mai ciwon ke ci.”

Malam Yakubu ya gaya masa: wake, zogale, rama, tuwo kaɗan, ban da suga. A karon farko na ji ya yi bayani ban ji muryarsa ta wuce ƙofa ba.

Malam Ilu ne ya ba ni labarin sauran. Da yamma mai unguwa ya ja shi suka tafi ɗakin Baba Nomau. Mai unguwa ya zauna a bakin ƙofa ya ce, “Nomau, abin da ya same ka ya same ni. An raba ni da tuwo. Mutanen nan suna ci ina kallo, ni kaɗai da kwanon wake kamar mai takaba. Ga tabarmi tun da ka daina zuwa a karkace ake shimfiɗa su. Ka zo ka taya ni, don Allah.” Malam Ilu ya ƙara da cewa, in bai zo ba, shi zai cinye waken ya kuma ce Nomau ne.

Da magariba Baba Nomau ya fito da butarsa. Daga ranar ake ajiye kwano guda tsakaninsa da mai unguwa, abin da ya rage kuma su yi ɗumame da safe. Muka mayar da ƙwayar. Gwajinsa bai koma daidai ba, amma ya sauka, gyambon kuma ya fara kamewa.

Ana gab da ƙarewar horona ya zo wankin ƙafa. Mu biyu ne a ɗakin. Don in sami abin faɗa na ce, “Baba, yaya jikin mai unguwa?”

“Da sauƙi,” in ji shi. “Nasa ciwon mai ladabi ne, ba ya shiga cikin gida. A ɗaki furarsa yake sha har da suga. Sai a ƙofar gida ciwon yake tashi.” Ya dube ni. “Kai ma kada ka faɗa.”

Ban faɗa ba sai yau, da dukkansu suka riga mu gidan gaskiya.

A makaranta an koya mana abin da mai ciwo zai ci da abin da zai bari. Ba a koya mana cewa wani dattijon ba shi da tukunyar da zai ba umarni ba. To, kafin ku hana tsoho abinci, ku fara sanin hannun da ke ba shi. Kuma tambayar nan, ku yi ta kuna ku biyu.