Ranar da Lantana Ta Ƙunsa Fuskarta

Wata Juma'a bayan an cire gyaɗa, shekarar da na bar makaranta ina aji biyar, Kawu Sale ya dawo Roni daga Kazaure da talabijin, bidiyo da ƙaramin janareta ɗaure a bayan babur. Aka kafa su a zaure, yaran unguwa muka cika tabarma har bakin ƙofa. Fim ne na samari da 'yan mata, soyayya da barkwanci, ana ta waƙa cikin furanni. Tun daga ranar, surfe da ɗiban ruwa a gurguje muke yin su, kada a fara babu mu.

Da la'asar, idan mun zuba wa awaki harawa, sai mu taru a bayan rumbu mu maimaita abin da muka gani. Ni ce mai rabon matsayi, don ga ni da baki, ga ni fara. Lantana, 'yar Baffana, ta fi mu murya nesa ba kusa ba. Ji ɗaya take yi wa waƙa ta haddace. Sai dai baƙa ce wuluk, kuma a duk finafinan nan ba mu taɓa ganin an so baƙa ba. A fim baƙar ce ke kawo abinci, ta yi tuntuɓe, a kwashe da dariya. Ran da Lantana ta ce, "Yaya Asabe, don Allah yau ki bar ni in zama wadda ake so," buɗar bakina sai na ce, "Ke kin taɓa ganin saurayi ya bi irinki da fure? Ɗauki faranti." Yara suka yi shewa. Ita ma ta yi dariyar, ta ɗauka, ta faɗi yadda ake so.

Ranar kasuwa ta kai wa wani ɗan koli gyaɗar da ta yi kala, ya ba ta man bilicin a kwalba marar suna. Babu wanda ya gaya mata yadda ake shafawa. Mu kuwa lalle kaɗai muka sani: a lafta da kauri, a naɗe da leda, a daure, gwargwadon daɗewa gwargwadon kamawa. Haka ta yi wa kumatunta da goshinta, ta ɓuya a gonar dawa cikin rana tun hantsi. Da ya fara ci ta ɗauka kamawa yake yi. Sai azahar Inna ta jiyo kukanta. Da aka ɓare ledar, da fata ta taho.

Ta warke, amma fuskar ta zauna dabbare-dabbare. A gida aka ce ruwan zafi ne, kuma har yau haka 'ya'yanta suka sani. Ba ta taɓa faɗa wa kowa maganar da na yi mata ba.

Yanzu 'ya'yana mata a waya suke kallon irin waɗannan finafinai, ina tsintar shinkafa ina leƙe. An ɗan canja, akan sa baƙar yarinya ƙawar jarumar, ta ba da shawara ta koma gefe. Lantana tana aure a Babura. Bara da na je suna, na ja ta ɗaki na ce ta yafe mini. Ta gyara mayafinta ta ce, "Haba Yaya, ai ba ke kika fara faɗa ba, a bidiyo kika gani." Na so a ce zagina ta yi.