Muryar Mama a Cikin Kiɗanmu

Ni da yayana muka fara haɗa kiɗa a ɗakinsa da ke Kurudu, da tsohuwar kwamfuta da lasifika guda mai kakari. Shi ke tsara ganguna, ni ke jera muryoyi a kai. Irin kiɗan rawar nan ne na na'ura da ake kira haus. Da muka gaya wa Mama sunansa, ta ɗauka kiɗan Hausa muke nufi, ta yi ta faɗa wa maƙwabta haka.

Mama Gbagyi ce, manomiyar doya, a kasuwar Karu ta koyi Hausa. Takan ce "yarinyana ya dawo" idan na shigo. Wata safiya tana feraye doya tana 'yar waƙa, rabi Hausa rabi yarenta, sai na ɗauka a waya ba ta sani ba. Yaya ya ɗora muryar a kan ganga mai nauyi. Shekara uku muna sakin kiɗa ba mai kula mu, wannan ne ya tashi. Har a motocin Kubwa ana sa shi.

Wani gidan rediyo a cikin gari ya gayyace mu shirin hantsi. Mama ta fasa zuwa gona, ta kira matan layinmu su saurara tare. Na sani, don ni na kamo mata tashar kafin mu fita.

Mai gabatarwa ya sa waƙar, ya yi dariya, ya ce, "Wannan gwarancin fa? A ina kuka samo tsohuwar nan?"

Yaya ya matso kusa da makirfo. Na riga shi magana.

"Wata mata ce muka ci karo da ita a ƙauye," na ce, har da taya shi dariya.

Yaya ya dube ni. Bai ƙaryata ni a cikin shirin ba har aka gama. A bakin titi ya tare mota daban.

Na tarar da tsakar gida an watse, kujerun roba a jere. Mama na wanke-wanke.

"Mama, sannu da gida."

"Sannu. Abincinka yana kicin." Ta ɗauraye kwano biyu kafin ta ƙara da cewa, "Kin yi magana da kyau. Hausanki ya fita."

Na tsaya riƙe da jaka. Da zagina ta yi, da na samu bakin ba da haƙuri. Sai na shige ɗaki.

Wata biyu Yaya ba ya zama da ni a gaban kwamfuta. Da muka koma aiki, sharaɗi ɗaya ya kafa: duk inda muka hau dandamali, ni zan faɗi mai muryar. Ina faɗa, mutane su yi tafi. Mama ba ta taɓa zuwa ta ji ba.

Na ba ta haƙuri daga baya, ta ce ba komai. Amma tun daga ranar, idan abokan aikinmu suka zo gida, takan gaishe su da hannu, ta ajiye musu ruwa, ta koma bayan gida wajen awakinta har su tafi.