Ɓawon Gyaɗar Iya

A Damari, lokacin cirar gyaɗa, da an idar da isha'i sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, muna ɓare gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Ita tatsuniyar Iya ba zama ake a saurara ba, cikinta take jefa mu. Sai ta nuna ni da tsinke: "Ke Binta, ke za ki ɗauko tulun zuma a ɗakin Kura. Ga ki bakin ƙofa. Mi za ki yi?"

In na ce zan yi sanɗa, wani lokaci ta ce, "Wuce abinki, Kura ta tafi kasuwa." Wani lokaci kuma ta ɗauki rabin ɓawon gyaɗa ta cilla sama. In ya faɗi a kife, ba a ji ni ba. In ya faɗi a buɗe, Kura ta farka, sai gudu da ihu da dariya.

Ran nan yayana Sule ya yi ƙorafi, wai ni na wuce ba a jefa mini ba. Iya ta harare shi. "Kai mijin banza, rufe min baki. Ba a jefa ɓawo sai akwai kunnen da ke saurare. In na jefa maku a kowane taku, wa zai kai ga zumar? Tsoro kawai za ku kwasa."

Allah ya ji ƙan Iya. Ni aure ya kawo ni wani ƙauye wajen Faskari. Daminar bara 'yan bindiga suka shigo, muka ɓuya cikin masara, tafin hannuna a bakin ɗiyata Hauwa, ina ta salati a zuci. Allah ya tsare mu. Amma tun ranar, ko ƙarar babur ɗin maigida na ji sai na ce mata, "Yi shiru!" Iya ta san inda Kura take, don ita ta ajiye ta. Ni ban san yaushe ake saurarenmu ba, shi ya sa nake jefa wa yarinyar nan ɓawo a kowane taku.

Jiya da hantsi na ga Hauwa tana sanɗa zuwa randa, ta rungume moɗa don kada ta yi ƙara. Shekararta huɗu.

"Hauwa, gidanku ne fa. Taka da ƙarfi."

Ta matso, ta kafa baki a kunnena. "Umma, yau ba su jin mu?"

Na buɗe baki in ce eh. Na kasa.