Shekarar da Na Cusa wa Baba

Mahaifina malamin Turanci ne a firamare, can gida a Filato, kafin ya zo Ingila da niyyar ƙaro karatun shekara biyu, ya ɓige da gadin sito har tsufa ya same shi. Mu da muka tashi a hannunsa mun ji jiki. Kafin ka sa hannu a tuwo sai ka faɗi shekarar haihuwarka da Turanci, kuma ka raba ta gida biyu yadda Turawa ke yi: nineteen tukuna, sannan ragowar. In ka kuskura ka fara da "one thousand nine hundred", sai ya tsame hannu daga kwano ya tambaye ka ko buhunan acca kake ƙirgawa. Shi ya koya mana inda since ke shiga da inda for ke shiga, da yadda ake cewa the seventies in ana nufin shekara goma a dunƙule. Na tsani darasin nan iya tsana, amma ya zauna mini a kai.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya ci gaba da zama shi kaɗai a flat ɗinsa, ɗan gidan hayar da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba shi a Ladywood, cikin Birmingham. Ni kuwa ina Old Trafford a Manchester, ina aikin kicin a wata makaranta, ga yara uku. Kowace Asabar nakan hau coach, babbar bas ta doguwar tafiya, in je duba shi. A haka na ga ƙwaƙwalwarsa tana zubewa kaɗan-kaɗan. Yau in tarar da butar shayi a firij, wani satin ya tambaye ni ko mama ta dawo daga coci.

Abin da ya riƙe shi a gidansa shi ne wata mai kula da tsofaffi da council ke turowa sau biyu a rana, da safe da tsakar rana. Zuwan tsakar ranar nan shi ne komai. Da Baba ya gama cin abinci sai ya miƙe ya nemi takalmi, wai an koma aji, 'yan aji shida na jiransa. Matar ta gano maganin abin. Sai ta ce, "Sir, yau holiday ne." Ita ba Bahaushiya ba ce, ni na koya mata kalmomin. Shi ke nan, sai ya cire takalmi ya zauna.

To, ana cikin shekarun nan da gwamnati ta ce kowa ya tsuke aljihu, komai ana datse shi, sai ga wasiƙa. Za a turo wata jami'a ta zo ta sake duba Baba, a ga ko har yanzu yana buƙatar zuwa biyun.

Maƙwabciyarsa wata Hajiya ce 'yar Ghana, Hausa a bakinta radau, ita ke leƙa shi in ba na nan. Na nuna mata wasiƙar a bakin ƙofarta. Ta juya ta, ta miƙo mini.

"'Yata, ki ji abin da zan gaya miki. Ranar nan kada ki share gidan, kada ki yi masa aski. Ki bar shi yadda yake kullum, su gani da idonsu."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Haba Hajiya! Baƙuwa za ta shigo gidan mahaifina in bar shi kaca-kaca? Mutumin da manyan mutane suka bi ta ajinsa?"

Ta ce, "Ba baƙuwa ba ce. Abin da za ta cire ta zo nema."

Na yi mata godiya ta fatar baki, a raina ina cewa ai ba ubanta ba ne. Mu haka aka raine mu: in baƙo zai zo, sai a fito da kwanon da ba a ci a ciki, mara lafiya ma a zaunar da shi ya amsa gaisuwa da "lafiya lau". Kuma na san tambayoyin da ake yi, domin na taɓa raka shi wurin GP, wato likitan unguwa. An tambaye shi wace shekara muke ciki, ya kalle ni, kunya ta rufe shi har kunnuwansa. Na rantse ba zan sake ganin wannan kallon ba.

Na ɗauki hutun kwana uku. Na yanki kwali na rubuta shekarar da manyan lambobi, na jingina a kan talabijin. Na zama malama, ya zama ɗalibi.

"Baba, wace shekara muke ciki?"

Ya juyo ya dube ni. Na nuna masa kwalin.

"Two thousand and thirteen. Faɗi."

Abin mamaki, da ya ji Turancin sai idonsa ya kawo haske. Ya ce, "Ko kuma twenty thirteen. Duka biyun daidai ne." Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba! Komai ya zube, darasin nan ne kawai ya rage a tsaye. Muka bi shekarar haihuwarsa, da shekarar da ya shigo gidan, safe da yamma, har ya riƙa faɗa tun ban rufe baki ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na goge masa kwat ɗin zuwa coci, na wanke gidan tas, na jefar da wata tukunya da ya ƙona. Da safiyar ranar na ɓoye kwalin.

Jami'ar ta zo da kwamfutarta, da ganinta a gajiye take, gida na nawa ke nan oho. Baba ya miƙe ya ba ta kujera. Ta tambaye shi shekara, ya ba ta iri biyu. Ta tambaye shi tun yaushe yake gidan.

Ya gyara zama ya ce, "I have lived here for eleven years. That is, since two thousand and two." Sannan ya ɗaga yatsa ya yi mata bayanin bambancin kalmomin biyu, kamar tana aji huɗu.

Ta yi dariya ta ce ai ya fi ta kaifin kai. Ni ina gefe ina washe baki, wawiya. Ta tambaye shi yana iya dafa abinci? Ya ce sosai. Yana fita shi kaɗai? Ya ce makaranta kawai yake zuwa. Ta ɗauka raha yake yi, ta sake dariya, ni ma na taya ta.

Sai ta juyo gare ni. Akwai abin da zan ƙara? Akwai wani abin da ke damuna game da shi?

Baba yana kallona, ya cika ya batse don alfahari, rabon da in gan shi haka tun mama na da rai. A gabansa zan ce yana jiƙa wando? In ce jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni? Na ce mata yana samun sauƙi, mun gode Allah. Na raka ta har bakin lif, na cusa mata cincin a leda.

Bayan sati uku wasiƙa ta zo. An bar zuwan safe, an cire na rana. A ciki an rubuta cewa ya san lokaci sarai, kuma iyalinsa ba su nuna wata damuwa ba. Na buga waya, na yi ihu, na rubuta takardar ƙorafi da Turancin da shi ya koya mini. Aka ce a jira, layi na da tsawo. Hajiya ba ta ce mini komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta riƙa leƙa shi da rana in ba ta da aiki, amma ita ma shara take yi a ofisoshi, ba kullum take gida ba.

Cikin watan Fabrairu, ina tsaka da kwashe farantai, wayata ta yi ƙara. Wani ɗan cocinsu ne. An tsinci Baba da rana tsaka a wata tashar bas a Perry Barr, can nesa da unguwarsa, ya zame a kan ƙanƙara, ƙashin ƙugunsa ya karye. Yana sanye da kwat ɗin nan da na goge. Yadda ya kai can ba wanda ya sani. Ba wanda ya ce masa yau hutu ne.

Bai sake kwana a flat ɗinsa ba.

Na iso asibiti na tarar wata nas tana yi masa tambayoyi. Ta ce wace shekara muke ciki? Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Two thousand and thirteen. Or twenty thirteen." Sabuwar shekara kuwa ta shiga tun sati shida da suka wuce, ban sake rubuta masa wani kwali ba. Nas ta rubuta a takardarta cewa bai san shekarar da ake ciki ba. Sai a ranar aka rubuta gaskiya.

Da ta fita ya juyo ya dube ni, irin duban da yaro ke yi wa mai riƙe da alli.

Ya ce, "Malama, na faɗa daidai?"

Na ce, "Daidai ne, Baba."