Roscoe Tillman da Ƙofar Tavita

Ranar Talata, sha tara ga watan Agusta, muna filin atisaye da hantsi, labari ya iso cewa Roscoe Tillman ya cika a asibiti, matarsa Verna na riƙe da hannunsa. Babban koci ya busa usur, aka tsayar da wasa. Ƙarti kusan casa'in suka tuɓe hulunan kwano, kowa ya kafa gwiwa ɗaya a ƙasa kamar yadda muke yi idan wani ya ji rauni. Mun san ciwon hantar ya ci ƙarfinka tun bazara, Roscoe, amma sanin bai rage mana komai ba.

Ni ne manajan wannan ƙungiya ta ƙwallon Amurka, ni ke cewa wane ya shigo, wane ya kama gabansa. Kai kuwa kocin 'yan tsaronmu ne tun ina ƙaramin mai farautar 'yan wasa, ina yawo jami'a zuwa jami'a a tsohuwar mota. A lokacin ka same ni a wani ɗan ɗaki ina kallon bidiyon wani wasa, ka tsaya a bayana ka ce, “Kai Hollis, ƙwallo kake bi da ido? To ka sayi tikiti ka koma cikin 'yan kallo. Kalli ƙafar ƙaton nan na tsakiya, ka ga ko ta ja da baya.” Abin da na sani game da zaɓen mutum, rabinsa a wannan ɗaki mai warin kofi na koye shi.

Ba ka taɓa ɓoye raininka ga kwatabak ba, mai jefa ƙwallon nan da duk gari ke sanye da lambar rigarsa. Saboda jar rigar da suke sawa a atisaye don kada a taɓa su, ka laƙaba musu suna amaren fili. Idan ɗayansu ya zo wucewa sai ka ce wa yaranka, “Ku ba amarya hanya, kada kwalliya ta ɓaci.” Amma ranar da aka karya wa ɗayansu ƙafa, kai ka fara isa asibiti, da kwanon shinkafa da jan wake na Verna a hannunka.

Akwai wata ɗabi'arka da kowa a ginin nan ya sani. Ƙarshen Agusta ake rage 'yan wasa zuwa hamsin da uku, sauran a sallame su. Al'adar sana'armu ita ce a tura ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ɗan wasa a masaukin atisaye ya ce, “Ana kiranka a sama, ka taho da littafin dabarun wasa.” Wanda ya ji haka ya san tasa ta ƙare. Kai ba ka taɓa yarda ɗan aike ya taɓa ƙofar yaronka ba. Da kanka kake zuwa da ɗingishin nan naka, ka zauna a bakin gado ka faɗa masa gaskiya, ka kai shi cin soyayyen kifi, sannan ka dawo ka dami kociyoyin wasu ƙungiyoyi da waya har wani ya gaji ya ɗauke shi. Na taɓa ce maka wannan ɓata lokaci ne. Ka ce, “Ni na je har falon uwarsa na ce a ba ni shi. Sai kuma in aiko baƙo ya kore shi?”

Haka ka samo Tavita Leota. Ƙaton Basamowe ne, ɗan asalin tsibiran Samowa, daga wata ƙaramar jami'a, wanda duk masu farauta suka tsallake saboda a gwajin gudu ya zo na ƙarshe. Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, a zagaye na shida, ka buga tebur har kofi ya zube. Na ce maka yaron ba ya gudu. Ka ce, “Wa ya ce tsere zan sa shi? So nake ya tsaya, kada ya je ko'ina!” Tsarinka na mutum uku ne a sahun gaba, kuma duk ya dogara da na tsakiya: ƙato ɗaya ya riƙe mutum biyu, na bayansa su samu hanya su kama mai ƙwallo. Shekara bakwai Tavita na wannan aiki. Sunansa ba ya fitowa a jarida, na bayansa ne ke samun kyaututtuka. Kai ne ka tsaya masa uba ranar aurensa, kuma ɗansa na fari sunanka ya ci.

Da ciwo ya kwantar da kai a farkon shekara, na ɗauko matashin koci ya riƙe tsaro. Shi nasa tsarin mutum huɗu ne a gaba, marasa nauyi, masu kutsawa da gudu. Watan Afrilu ya zo, lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa, na ba wata ƙungiya zaɓukanmu uku don in riga kowa zaɓe, na ɗauki Landon Pruitt, kwatabak mai hannun da ban ga irinsa ba a shekara goma. Washegari na zo gidanka ina ɗar-ɗar. Na same ka a baranda cikin bargo, ka rame har agogo na yawo a hannunka. Ka yi dariya ka ce, “An yi mana amarya ke nan. Yaron ya iya, na gan shi, da ni ne kai, ni ma shi zan ɗauka.” Sai ka ce, “Tavita fa?” Na ce, “Tavita ba inda za shi, Koci.” Ka dube ni ta saman tabarau, ka kira Verna ta ƙaro mini shayi mai ƙanƙara.

Ranar Asabar muka kai ka makwancinka. Majami'ar ta cika har waje da tsofaffin yaranka, wasu da sanda, wasu sun yi furfura, da yawansu waɗanda ka sallama ne da bakinka. Tavita ne ya riƙe akwatin ta gaba. A maƙabarta shi da 'yan uwansa suka yi maka waƙar bankwana da harshensu, ya kasa ƙarasawa. Da aka watse ya rungume ni ya ce, “Yallaɓai, bana don Baba za mu yi wasa.” Na bubbuga bayansa, alhali na riga na san abin da ke jirana a ofis.

Ga yadda abin yake, Roscoe, ko da yake ka fi ni sani. Landon ɗanye ne, bai isa a jefa shi fili ba tukuna. Dole na riƙe tsohon kwatabak ya fara, na kuma riƙe na uku don tsaron rauni. Amare uku ke nan a inda muka saba da biyu, gurbi ɗaya ya tafi. Sabon koci ya nuna mini bidiyon wasannin gwaji: ana so Tavita ya kutsa, shi kuwa yana tsaye daram yana riƙe mutum biyu, yana aikin da ka koya masa, wanda yanzu ba mai buƙata. Na juya sunayen ta kowace fuska. Na nemi wata ƙungiya ta karɓe shi a musaya, aka ce shekarunsa sun ja. Ranar Talatar da ta biyo, mako guda cif da rasuwarka, na zare sunansa daga allo.

Wannan aikina ne, da a nan abin ya tsaya da na iya haɗiye shi. Amma na tashi zan je ɗakinsa, na kai har bakin matakala, sai na tuna hannunsa a kan akwatinka, ƙafata ta ƙi. Na komo na tura ɗan aike. Bayan haka ma na shige taro na bar mataimakina ya karɓi littafin. An ce Tavita bai yi gardama ba. Ya ajiye littafin, ya tambaya, “Yallaɓai Hollis ba ya nan ne?” Aka ce ina taro. Ya ce, “To, a gaishe shi.” Ya bi ya gaisa da masu wanki da masu dafa abinci ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe kayansa cikin baƙar leda ya fita.

Shekaranjiya na je gaida Verna. Na ga an yanke ciyawar ƙofar gida, ta ce Tavita ne ya zo da safe. Na fara kame-kame ina mata bayanin gurbi da tsari, ta ɗaga mini hannu.

“Hollis, zauna. Shekara arba'in ina auren ƙwallon nan, ba sai ka karanta mini ba. Roscoe ya san za ka sallame shi. Tun ranar da ka zo baranda ya ce mini, yaron nan ƙarya yake yi don in ji daɗi, Tavita bai dace da sabon tsari ba, ni ma da a kujerarsa nake haka zan yi.”

Na ji kamar an sauke mini kaya, har na ɗago kai. Sai ta ci gaba.

“Abu ɗaya ya dame shi. Ya ce, Verna, ba zan kai Agusta da ƙafata ba, wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa? Na ce haba Roscoe, kwantar da hankalinka, ai Hollis zai je. Ya ce haka ne, Hollis zai je. Ya juya ya yi barcinsa.”

Ba ta tambaye ni ko na je ba. Ta zuba mini abinci a roba ta ce in kai wa yara.

Ina jin kunyarka, Roscoe, kunyar da ban taɓa ji ba. Ka yafe mini ƙaryar baranda tun kafin in sauka daga matakalarka, ka bar mini abu ɗaya mai sauƙi, tafiyar da ba ta kai tsawon fili ba, na kasa. Tun daga gidan Verna nake bugun waya ga ƙungiyoyin da suka rage masu tsarin mutum uku. Biyu sun ce a'a, ɗaya a arewa ta ce za ta duba. Ban iya naci irin naka ba, amma ina koyo, kuma ba zan ajiye wayar ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin kowace ƙofa da ka ƙwanƙwasa da hannunka. Ya ba ka hutu inda ba ciwo, ba ɗingishi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Verna, da 'ya'yanku Odessa da Calvin, da jikoki, da duk yaranka da ke warwatse a ƙasar nan. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu.

Ta'aziyyar Tavita kuwa ba zan rubuta ta a nan ba, ba kuma zan aika kowa da ita ba. Na san gidan, gobe da safe zan je da ƙafata. In ya buɗe, Allah ya ba ni ikon kallon idonsa.